Saita motar sarbo a kan inji: ta ina ake farawa?

Tambaya: Mun ɗaura motar sarbo mai wat 400 a kan tebur mai tafiya da dogon sukuru, PLC ne, wato na'urar da ke sarrafa injin, ke aika mata umarni. Tana juyawa, amma in ta tsaya sai ta riƙa ƙara. In an ƙara gudu, dirayif, wato akwatin da ke ba motar wuta, ya fitar da alam daidai lokacin tsayawa. Sannan nisan da teburin ke tafiya bai yi daidai da abin da muka rubuta ba. Ta ina ake fara saitin?

Amsa: Matsaloli uku ka kawo, kuma kowacce da inda ta fito. Ƙarar tana zuwa ne daga gen, wato ƙarfin da dirayif ke gyara kuskure da shi, in ya fi ƙarfin ƙarafan injin, ko daga wani abu da ya saki tsakanin mota da kaya. Alam ɗin tsayawa wuta ce da motar ke mayar wa dirayif ba ta sami inda za ta ba. Awo kuwa, ko lissafin giyar lantarki ne, ko bugun siginar da PLC ke aikowa ne ke zubewa a hanya. Abin da aka fi yi shi ne a buɗe manhaja a faɗa wa gen tun farko, ana ɗagawa ana saukewa har a gaji. Gen shi ne aikin ƙarshe. Wanda ya taɓa shi kafin ya tabbatar da waya da ƙarfe da lissafi, rufe ciwo kawai yake yi.

Sarbo ba kamar motar famfo ba ce da ake ba wa wuta ta yi ta juyi. A bayanta akwai enkoda da ke gaya wa dirayif inda sandar take a kowane lokaci, shi kuma dirayif yana kwatanta wannan da inda aka ce ta kasance, yana gyara bambancin. Zagayen gyara uku ne, ɗaya cikin ɗaya: na ciki yana kula da karan, wato ƙarfin murɗawa, na tsakiya gudu, na waje wuri. Na cikin kamfani ya riga ya saita shi bisa lambar motar, shi ya sa abu na farko shi ne ka duba cewa motar da dirayif ɗin 'yan gida ɗaya ne, kuma dirayif ya gane lambarta.

Kafin waya, ɗauki biro. Abin da ke wahalar da sarbo ba nauyin kaya ba ne kai tsaye, nauyin juyi ne, wato yadda kayan ke ƙin tashi da ƙin tsayawa in an auna shi a bakin sandar mota. A ce teburinka da kayansa kilo 50 ne, sukurun kuma yana ciyar da shi milimita 10 a juyi ɗaya. Ana raba wannan milimita 10 da 2π, a ninka abin da ya fito da kansa, sannan a ninka da nauyin: zai ba ka kusan 1.27 kg·cm². Sukurun ƙarfe mai kaurin milimita 20 da tsawon mita ɗaya, shi kaɗai, kusan 1.23 ne. Lura da wannan, sukurun ya kusa kamo teburin duka, kuma da kaurinsa milimita 25 ne da ya ninka fiye da sau biyu, don ana ninka kauri da kansa har sau huɗu a lissafin. Jimla kusan 2.5 ke nan, ban da kofulin, wato mahaɗin sandar mota da sukuru. In takardar motarka ta ce nata 0.5 ne, kayan sun ninka ta sau 5. Wannan adadi ne mai kyau ga inji mai tauri. Zuwa ninki 10 ana iya rayuwa da shi. Sama da haka, ko da takardar ta yarda, sai ka sassauta gudu, ko ka sa giyabos, domin giya mai ragi 5 tana rage nauyin juyin kaya sau 25.

Daga nan ƙarfin murɗawa. Mota mai wat 400 da ke juyi 3000 a minti tana ba da 1.27 Nm ba tsayawa, kuma tana iya ninka shi kusan sau uku na ɗan lokaci. Ɗaga nauyin juyi 3.0 kg·cm², naka da na motar, zuwa juyi 3000 cikin daƙiƙa 0.1 yana cin kusan 0.94 Nm, ban da gogayya. In ka matsa lokacin zuwa 0.05, ya zama 1.9 Nm. Motar za ta iya, amma in injin yana tashi yana tsayawa ba hutu, zafi zai taru har alam ɗin lodi ya fito bayan an yi minti ashirin ana aiki lafiya. Dirayif yana nuna matsakaicin lodi da kaso cikin ɗari. In ka gan shi yana zaune sama da 80, motar ba ta da sauran numfashi.

Wajen haɗa waya akwai abin da masu aikin mota mai fes uku ke tahowa da shi, wanda ba ya aiki a nan. A waccan, in ka musanya waya biyu sai ta juya baya. A sarbo wayoyin motar uku, U, V da W, kowacce da gurbinta a dirayif: U na U ne, V na V, W na W. Dirayif yana ba kowace waya karan ne bisa kusurwar da enkoda ta faɗa masa, don haka in aka musanya, ko motar ta ƙame tana zafi, ko ta zabura da gudu ba umarni. Juya alkibla a faramita ake yi, wato a lambobin saiti na cikin dirayif. Kada wutar layi ta taɓa U, V, W ko sau ɗaya, kuma kada a sa kwantakta tsakanin dirayif da mota sai littafin ya ba da dama. Wayar atin ta motar ta tafi kai tsaye kan dirayif, daga nan zuwa sandar atin ta fanel.

Wayar enkoda da ta bugu su ne masu laushi. Dirayif yana yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa, wayar motar kuma tana watsa hayaniyar lantarki kamar eriya. Raba wayar wuta da ta sigina da tazarar santimita 30 in da hali, kada su kwana a kwata ɗaya, in dole su haɗu su gitta juna a miƙe. Ragar da ke lulluɓe da wayar a fere ta zagaye, a danne ta da maƙalin ƙarfe a jikin farantin fanel. Murɗa ragar a mayar da ita siririyar jela a ɗaure a noti yana kashe rabin amfaninta. In wayar za ta riƙa lanƙwasa tare da tebur, sai an sayi irin wadda aka yi domin hakan, ta gama-gari tana karyewa a ciki fatarta lafiya lau, sai a yi ta samun alam ɗin enkoda mai zuwa yana tafiya.

Abu ɗaya da ke kashe mutum: kafasitocin dirayif suna riƙe wuta bayan an kashe bireka. Layin 230 V yana zama kusan 325 V a ciki, na 400 V kuma kusan 565 V. Jira fitilar caji ta mutu, cika mintocin da aka rubuta a jikinsa, sannan ka auna tsakanin tashoshin P da N na dirayif da mita kafin hannu ya shiga.

Gwajin farko ba kaya ake yinsa. Ɗaure motar a mazauninta, raba ta da kofulin, cire makullin sanda ko ka naɗe shi da tef don kada ya yi tsalle. In dirayif ɗin ba sabo ba ne, mayar da faramitocinsa yadda kamfani ya bar su. Rage iyakar ƙarfin murɗawa zuwa kashi 30 ko 50, sannan ka juya ta a hankali daga maɓallan dirayif, kamar juyi 100 a minti, gaba da baya. Ka ga ƙidayar enkoda tana hawa a alkiblar da kake kira gaba. Motar da ta juya shiru a nan, ta tsaya shiru, lafiyarta ƙalau. Duk ƙarar da ta biyo baya daga injin take.

Yanzu ga batun awo. Enkoda mai bit 17 tana ƙirga 131,072 a juyi ɗaya, mai bit 20 tana ƙirga 1,048,576, mai bit 23 kuma 8,388,608. PLC ba zai iya aiko bugu da wannan yawa ba, shi ya sa aka yi giyar lantarki, wato lambobi biyu, na sama da na ƙasa, da dirayif ke ninka kowane bugu da su. Fara da yanke shawarar nisan bugu ɗaya. A ce 0.001 na milimita. Sukuru mai milimita 10 zai buƙaci bugu 10,000 a juyi. Da enkoda mai bit 17, na sama 131072, na ƙasa 10000, in an rage su 8192 da 625. In akwai giyabos mai ragi 5, juyin mota ɗaya milimita 2 ne, bugu 2,000, lambobin su koma 8192 da 125. Sa su yadda suke, cikakkun lambobi. Wanda ya raba ya sami 13.1072 ya yanke wutsiyar ya sa 13, zai rasa kusan milimita 8 a kowace mita. Dirayif da yawa suna da faramita guda da ake rubuta adadin bugu a juyi ɗaya kai tsaye, in naka yana da ita ta fi sauƙi, amma duba wacce ke rinjaye in an cika duka biyun.

Sai ka duba ko PLC zai iya saurin. Juyi 3000 a minti juyi 50 ne a daƙiƙa, sau 10,000 ya zama bugu 500,000 a daƙiƙa, wato 500 kHz. Mafitar tiransista ta PLC mai 24 V yawanci tana ƙarewa ne a 100 ko 200 kHz, kuma da gajeriyar waya. Wannan gudun sai mafita mai wayoyi bibbiyu a murɗe, irin ta RS-422. In ba ka da ita, mayar da bugu ɗaya 0.01 na milimita, buƙatar ta sauko 50 kHz. Duba kuma cewa ɓangarorin biyu sun yarda da salon bugu ɗaya: bugu da alkibla, ko gaba da baya a wayoyi daban, ko A da B.

Hanyar gano mai laifi ba ta da wuya. Dirayif yana nuna adadin bugun da ya karɓa. Sa PLC ya aika 100,000 daidai, ka karanta. In ya karɓi 100,000 amma teburin ya yi gajere da kaso iri ɗaya kullum, lissafin giya ne, ko sukurun ba milimita 10 ba ne kamar yadda aka zata. In adadin yana canzawa, yau ƙari gobe ragi, hayaniya ce ko saurin ya wuce matatar shigar bugu. In adadi daidai, enkoda ma daidai, amma agogon awo a jikin tebur ya ce a'a, to ƙarfe ne: kofulin yana sulɓi a kan sanda, ko notin sukuru ya yi lako-lako. Ja layi da maka daga sanda zuwa kofulin, bayan tafiya hamsin ka ga ko layin ya rabu.

Wajen mayar da kofulin, guduma ba ta da aiki. Enkoda na can ƙarshen sandar, duka ɗaya ya isa ya lalata ta ko ya ji wa boris. Kofulin mai faranti ko mai kama da zugazugi shi ya dace da sarbo, mai roba mai laushi ko wanda aka yanka kamar sifirin yana murɗewa ya dawo, kuma shi ne tushen ƙara a injuna da yawa. Daidaita sandunan biyu da agogon awo, ɗaure notuna da sifana mai awo. In bel ne, ja shi yadda mai yinsa ya ce, ka kuma duba nauyin gefe da sandar motar ke iya ɗauka.

Makunnan iyaka biyu a haɗa su a rufe, ta yadda in waya ta tsinke injin zai ɗauka an kai iyaka ya tsaya. Gwada kowanne da hannu ana tafiya a hankali, ka tabbatar na gaba gaba yake tsayarwa. An sha samun su a juye, kuma ba a ganewa sai tebur ya daki bango. Wajen neman mafari, tebur yana taɓa makunnin gida sannan ya nemi bugun Z na enkoda, wanda ke zuwa sau ɗaya a juyi. In gefen makunnin ya faɗo dab da Z, wata rana injin zai kama wannan, wata rana na gaba, mafari ya riƙa tsalle da milimita 10 cif. Matsar da makunnin har tazararsa da Z ta zama kusan rabin juyi. Enkoda mai riƙe wuri ko an ɗauke wuta ba ta buƙatar wannan kullum, amma yawancinsu da batirin litiyam mai 3.6 V suke riƙewa, kuma ana canza shi ne wutar sarrafawa na kunne, in ba haka ba wurin ya ɓace.

Sai yanzu gen. Lamba ta farko ita ce ninkin nauyin juyi, don duk sauran a kanta suke tsaye. Sa dirayif ya auna da kansa da kayan aiki na gaske a kan tebur, ka kwatanta da lissafin biro. In lissafi ya ce 5 shi kuma ya ce 15, akwai abin da ke cijewa. In aka bar ta ƙasa da gaskiya motar za ta yi sanyin jiki tana zarce wuri, in aka zuba ta sama da gaskiya za ta yi ta kuka a tsaye, irin wanda ka kwatanta. Bayan ta, gwada saitin kai-da-kai, wanda a yawancin dirayif lamba ɗaya ce ta tauri da ake hawa da ita mataki-mataki. Ga injuna da yawa wannan ya wadatar. Da ka gama, kashe awon da ke ci gaba da kansa, musamman in nauyin kayan ba ya canzawa, don kada saitin ya riƙa yawo.

In da hannu za ka yi, daga ciki ake fitowa. Buɗe zanen manhaja ka sa layi uku: gudun umarni, gudun gaske, da ƙarfin murɗawa. Sassauta gen na wuri, tsawaita lokacin tarawa, wato lokacin da dirayif ke ɗauka yana tara ƙaramin kuskuren gudu yana gyarawa, sannan ka riƙa ɗaga gen na gudu kaɗan-kaɗan kana kai tebur gaba da baya. Za a kai inda layin ƙarfin murɗawa zai yi kauri kamar gashi, kunne kuma ya fara jin tsiwa. Sauko da kashi 20 zuwa 30 daga nan. Sai ka rage lokacin tarawa har gudun gaske ya daina jan ƙafa, in ya fara zarcewa yana dawowa ka ƙara shi. Gen na wuri a ƙarshe, kuma kada ya yi wa na gudu gaba: ninka Hz na gudu da 2π, raba da huɗu, kada ka haura abin da ya fito. Dirayif ɗin Yaskawa na jerin Sigma, alal misali, suna fitowa da gen na gudu 40 Hz, lokacin tarawa milidaƙiƙa 20, da gen na wuri 40 a daƙiƙa. Yi gwajin a farkon sukuru, tsakiya da ƙarshe, don taurinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina, kuma saitin da ya yi shiru kusa da mota yana iya kuka a can nesa.

Irin ƙarar ma tana magana. Siririya mai tsini, ta ɗaruruwan Hz zuwa sama, rawar kofulin ce da sukuru. Manhaja tana iya nuna mitarta, a sa matatar noc, wadda ke danne wannan mitar ita kaɗai, daidai wurin, sau da yawa gen ya sami damar hawa bayan haka. Kada a jera matatu barkatai, kowacce tana jawo jinkiri. Girgiza mai nauyi da ido ke gani, tebur ya tsaya amma kan injin yana lilo, ba aikin noc ba ce. Wannan sai a tausasa tashi da tsayawa su zama kamar harafin S, a kunna maganin lilo in dirayif na da shi, ko a ƙarfafa ƙafafun injin. Gurnani a tsaye, sanda tana ɗan motsi hagu da dama, yawanci lako-lako ne a giya ko noti, mota tana neman kayan a cikin gibin. Babu lambar da ke cike wannan gibi.

Alam ɗin ratar wuri yana ruɗa mutane. Ratar da ke tsakanin umarni da inda tebur yake gudu ne a raba da gen na wuri: milimita 500 a daƙiƙa da gen 50 rata ce ta milimita 10, kuma ba laifi ba ne. Faramitar ciyarwa gaba, wadda ke ba motar umarnin gudu kai tsaye ba tare da jiran rata ba, tana rage ta, fara da kashi 50 ka hau a hankali. Iyakar alam ɗin ka sa ta sama kaɗan da ratar da ka gani a cikakken gudu. Masu buɗe ta har ƙarshe don alam ya yi shiru sun cire abin da zai tsayar da injin ran da ya ci karo.

Alam ɗinka na tsayawa kusan tabbas na hawan wuta ne. Mota mai rage gudu janareta ce, ƙarfin da ke cikin juyin yana komawa kafasita, wutarsu ta hau. A misalinmu kusan jul 15 ne a kowace tsayawa daga juyi 3000, kuma in gudu ya ninka biyu wannan ya ninka huɗu, shi ya sa ba ka ganinsa sai an ƙara gudu. Ƙananan dirayif da yawa ba su da rizistar ƙona wannan wuta a ciki, kuma in wutar layi ta riga ta yi sama, wurin da ya rage a kafasita kaɗan ne. Auna layin tukuna. Tsawaita lokacin tsayawa ka ga ko alam ya tafi. In aikin ba zai jure hakan ba, sa rizista ta waje: om ɗinta kada ya gaza mafi ƙarancin da littafin ya faɗa, in ya gaza tiransistar ciki ce za ta ƙone. In dirayif ɗin na da ta ciki, cire gadar da ke haɗa ta, sannan ka rubuta om da wat na sabuwar a faramita. Tana zafi sosai, a ɗaura ta nesa da wayoyi.

In akwai ɓangaren injin da ke hawa da sauka, lissafin ya canza: sauke kilo 50 rabin mita jul 245 ne, kuma dole mota mai birki. Birkin sarbo na riƙewa ne bayan an tsaya, in ana tsayar da kaya da shi zai cinye. Ba shi 24 V daga wutarsa daban, ta rile da dirayif ke sarrafawa, a saita jinkiri yadda birki zai kama kafin mota ta saki. Diyod zalla a kan koyil ɗin birki yana jinkirta kamawarsa har kaya su zame, barista, mai danne tsallen wuta, ta fi. Shigar STO, wato shigar tsaro mai layi biyu, tana hana dirayif ba mota ƙarfi ne kawai. Ba ta taka birki, ba ta kuma cire wuta daga tashoshin. Gadar da ake sa mata lokacin gwaji a cire ta, a haɗa ta da rilen tsaro, inda kuma kaya ke da gudu a bari dirayif ya tsayar da su tukuna sannan STO ta faɗa.

Wanda ke amfani da EtherCAT, wato aika umarni ta wayar netwok, maimakon bugu ya huta da rabin maganar awo, amma motar ba za ta kama ba sai an bi matakan CiA 402, wato ƙa'idar sarrafa dirayif: a rubuta 6, sannan 7, sannan 15 a adireshin 6040h, ana duba amsa a 6041h, an kuma zaɓi salon aiki a 6060h, 8 in kwantirola ce ke aiko wuri a kowane zagaye.

Kafin a miƙa injin, mayar da iyakar ƙarfin murɗawa inda aikin ke buƙata, bar shi ya yi awa ɗaya ko biyu da kaya na gaske a cikakken gudu. Duba matsakaicin lodi, lodin rizista da zafin jikin mota, kafa agogon awo ka sa tebur ya dawo wuri ɗaya sau talatin daga ɓangarorin biyu, ka danna maɓallin gaggawa ana cikin gudu ka auna inda ya tsaya. Faramitoci da yawa ba sa aiki sai an adana su an kashe wuta an kunna, don haka yi hakan ka sake gwadawa. Sannan ka kwafe fayil ɗin saitin, da lambar mota, lambar dirayif da kwanan wata a sunansa, kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a takarda cikin ƙofar fanel.